Ƙidayar Kawuna

Da na sallame asuba a Yaba sai in kama hanyar Akoka,
in buɗe ƙofar waya,
in tsuguna bakin kwamin iyo kamar mai gaida surukai.
'Yar kwalba nake tsomawa, in ɗiga magani, in jira launi.
In ya yi ja-ja daidai, ruwa ya amsa gaisuwa.
In ya fito fari fat, yau ba mai shiga,
ko da ɗan shugaban jami'a ne.

In kwashe ganye da kwaɗon da ya kwana,
in ja igiyar da ta raba ruwan gwiwa da mai shanye kai,
in rataye zoben ceto inda hannu zai same shi ko ido a rufe.
Sannan in hau kujerata mai tsani bakwai.

Ubana Basarke ne, a Yawuri aka binne cibiyata.
Na iya karatun Kwara tun ban san baƙi da wasali ba.
Shi kifi yake nema a ruwa,
ni kawuna nake ƙirgawa.

Ashirin da uku.
Daga hagu zuwa dama, in dawo,
ashirin da uku.

Wasu su ce Aboki, wasu Oga Nomau,
'yan matan sashen lauya kuwa Baba Usur suka sa min.
Ba a gudu a kan tayil: fiiit!
Ba a tura aboki, ko ranar haihuwarsa ce.
Sabon shiga ya tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa.
In hadari ya taso daga bayan doguwar gada
ya yi gunaguni sau ɗaya,
kowa waje, har mai harara, har mai tsaki.
Tsaki bai taɓa hana ni barci ba.

A fim ne mai nutsewa yake ihu.
Na gaske shiru yake,
baki a bakin ruwa, ido kamar na mai tuna wani abu,
hannu na taka tsanin da babu shi.
Haka ƙanena Jibo ya tafi,
muna bakin gaɓa mu shida muna gasa karfasa.

Ranar Talata, bayan la'asar.
Ashirin da uku.
Ashirin da biyu.

Na sake. Ashirin da biyu.

Can ƙasa, kusa da magudana, wani gajeren wando ruwan ɗorawa.
Folarin, ɗan ajin ƙarshe a injiniya,
wanda ya ci caca da abokai
zai ƙetare sau biyu da numfashi ɗaya.
Suna ta tafa masa. Sun ɗauka gwaninta ce.

Ban tuna saukowata ba.
Na tuna nauyinsa, kamar buhun gishiri da ya sha ruwa.
Na tuna tayil mai zafi a gwiwata,
danna ƙirji talatin, hura biyu,
talatin, biyu,
ina nuna Nkiruka da haɓa: ke, kira motar asibiti!
A zagaye na huɗu ya amayo min kwamin a cinya.
Ban taɓa jin tari mai daɗin wannan ba.

An ce iya ruwa fid da kai.
Ni a kan fid da wani ake biyana,
kuma albashin sai ya makara.

Da magariba na buɗe littafin rahoto.
Lokaci, suna, lambar ɗalibi, abin da ya faru.
Layi uku suka ba ni.
Biro na rawa, na rubuta: an fito da shi, yana numfashi.
Babu gurbin da zan sa Jibo.

Bayan mako ya dawo da burodin Agege biyu a leda,
ya tsaya gindin kujerata yana ta magana.
Na ce na gode, ajiye nan.
Ƙila ya ce a ransa mutumin nan ba shi da fara'a,
ko kallona bai yi ba.

Goma sha tara ne a ruwa lokacin,
ɗaya kuma bai iya ba.